Yadda Mawaƙi Ya Zama Mai Jiyya A Fagen Yaƙin Kwamfuta

Ran 24 ga watan Afrilu na 2007 wani kamfanin Amurka mai suna Turbine ya buɗe wa jama'a wani wasan kwamfuta da ya gina a kan littafin nan The Lord of the Rings na marigayi J.R.R. Tolkien, Baturen Ingila, shehun malami a jami'ar Oxford. Wasan irin wanda ake yi ta intanet ne, watau wani yana zaune a ɗakinsa a wannan gari, wani a wancan, wani ma a wata ƙasa dabam, amma dukansu su shiga duniya guda ta cikin allo, kowa da ɗan mutum-mutumin da yake sarrafawa, su haɗa ƙungiya su tafi yaƙar dodanni. Aka ba masu shiga zaɓin sana'o'i 7. Akwai mai garkuwa, da maharbi, da barde mai sara hannu biyu, da ɓarawo mai sanɗa, da shugaban mayaƙa, da masani. Ta bakwai ita ce ta ba mutane mamaki, domin wanda aka ɗora wa alhakin rayar da 'yan ƙungiya in wuta ta yi wuta ba likita ba ne, ba boka ba ne, ba kuma malamin wani addini ba ne. Mawaƙi ne rataye da molo.

Kafin a gane dalilin wannan zaɓi sai an san abin da ya sa irin waɗannan wasanni ba su yiwuwa sai da mai jiyya. Asalin abin tun 1974 ne, sa'ad da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ake yi bisa tebur da takarda da fensir. A cikinsa ran kowane jarumi lamba ce, in an sare shi ta ragu, in ta kai sifiri ya mutu. Sana'o'i 3 aka fara da su, mayaƙi da mai sihiri da kuma wani malamin addini wanda addu'arsa ke mayar da lambar da ta ragu. Da abin ya koma kwamfuta, tun daga wasan rubutu zalla da Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara a jami'ar Essex ta Ingila a 1978, har zuwa EverQuest a 1999 da World of Warcraft a 2004, sai aiki ya rabu kashi 3 kamar duwatsun murhu. Akwai mai tare gaba, wanda ke tsokanar dodo don duka ya tsaya a kansa. Akwai masu sara da harbi. Sa'an nan akwai mai jiyya, wanda ke tsaye a baya yana cike abin da dodo ya kwashe. Aka auna ƙarfin manyan dodanni yadda ba mai iya jure dukansu in babu mai jiyya, ko da na minti guda ne.

To, wanda ya ƙago duniyarsa da kansa ba shi da wata damuwa, sai ya ce a ƙasarsa akwai masu addu'ar da ke rufe rauni nan take, ba mai yi masa musu. Amma wanda ya sayi iznin littafin da miliyoyin mutane suka karanta, har waɗansu suka kusa haddace shi, hannunsa a ɗaure yake.

JIYYA A WAJEN TOLKIEN

An buga The Lord of the Rings kashi 3 a tsakanin 1954 da 1955, kuma wanda duk ya karanta shi ya san rauni a cikinsa ba abin wasa ba ne. Sa'ad da shugaban mahayan nan masu baƙaƙen tufafi ya soki Frodo, ɗan gajeren mutumin da ke ɗauke da zoben, a kafaɗa bisa tsaunin Weathertop, tsinin wuƙar ya karye ya zauna a jikinsa yana tafiya wajen zuciya. Kwana 17 yana ɗauke da shi kafin Elrond, wanda ba a san wanda ya fi shi sanin magani ba a wannan duniya, ya samo ɓallin ya cire, bayan ya yi kwanaki yana fama. Duk da haka ciwon bai rabu da Frodo ba. Kowace shekara ran 6 ga watan Oktoba sai ya motsa masa, har daga bisani ya ga ba zai iya zama a ƙasarsu da ya ceto ba, ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare teku.

Wurin da marubucin ya fi daɗewa a kan jiyya shi ne bayan babban yaƙin da aka yi a ƙofar birnin Minas Tirith. An kwantar da mutum 3 a gidan jiyya na birnin, Faramir da Eowyn da Merry, wani baƙin numfashi na abokan gaba ya taɓa su suna ta nutsewa cikin barcin da ba a tashi. Masu maganin gidan suka rasa ta yi. Wata tsohuwa mai surutu da ake kira Ioreth ita ce ta tuna da wata tsohuwar magana, cewa da warkarwa ake gane sarki na gaskiya. Aka kirawo Aragorn, wanda shi ne magajin sarautar amma bai bayyana kansa ba tukuna, ya nemi wani ganye mai suna athelas. Babban mai maganin gidan ya zo ya jero sunayen ganyen cikin harsuna dabam dabam, sa'an nan ya ce ba su ajiye shi ba domin ba su san yana da wani amfani ba. Wani yaro ne ya ruga ya samo ganye 6 da aka tsinka tun mako 2 da suka wuce. Aragorn, wanda tun kafin nan ya yi ta kiran sunan Faramir har fuskarsa ta yi fari don gajiya, ya hura musu numfashi, ya murje su ya zuba cikin ruwan zafi, kana majiyyacin ya buɗe ido. Ya raba dare yana zagaya masu rauni na birnin. Waɗanda suka farfaɗo kuwa kwanaki suka yi a kwance, Eowyn da karyayyen hannu a ɗaure.

Ba a sama Tolkien ya tsinci wannan ba. Hafsan sadarwa ne a rundunar Ingila a yaƙin Somme na ƙasar Faransa a 1916, inda a ranar farko kaɗai, 1 ga watan Yuli, aka kashe wa Ingila soja fiye da 19,000, cikinsu har da amininsa Rob Gilson. Wani aminin nasa, G.B. Smith, ɓaraguzan bom suka same shi, raunin ya ruɓe, ya rasu a watan Disamba. Shi kansa zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa a ramukan soja ya kwantar da shi, aka mai da shi gida a watan Nuwamba, ya daɗe yana shiga asibiti yana fita. Mutumin da ya ga wannan ba zai rubuta labarin da ake kaɗa sanda rauni ya rufe ba.

ƘARFIN GWIWA A MADADIN JINI

Dabarar da kamfanin Turbine ya yi ita ce ya sake wa lambar ran nan suna. A wannan wasa koren layin da ke saman allo awon ƙarfin gwiwa ne. In dodo ya kai duka, zuciyar jarumi ce ke karaya, in kuwa layin ya ƙare ba a cewa ya mutu, sai a ce an ci galabarsa, ya ja da baya zuwa wani sansani da kayan yaƙinsa a lalace, ya sake shiri. Da an karɓi wannan, sauran ya zo da sauƙi, domin abin da ke gyara karayar zuciya waƙa ne da kirari da kalma mai daɗi. Saboda haka mawaƙin, wanda suka kira Minstrel, in ya ga layin abokinsa ya yi ƙasa sai ya kaɗa molo ko ya ɗaga murya, layin ya cika. Shugaban mayaƙa shi ma yana taimakawa da tsawa da tuta.

Mai karatu da ya taɓa ganin ɗan dambe ya sha kashi har gwiwarsa ta yi sanyi, makaɗi ya sake kalangu ya kira sunan ubansa, ya zabura kamar ba shi ba, ko ya ga yadda gangar noma ke tayar da samari a gayya rana tsaka, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sarakunan da ma ba su fita yaƙi sai da makaɗa.

Kuma lalle dabarar tana da tushe a littafin. Babban makamin Sauron, azzalumin labarin, tsoro ne da fid da tsammani. Mahayansa in sun yi kururuwa a sama sai mayaƙa su yar da makamai su kwanta rubda ciki. Gandalf bai ba sarki Theoden wani magani ya sha ba, magana ya yi masa ya fito da shi waje ya ga haske, ya sa aka miƙa masa takobinsa, sai tsohon da ke dogara sanda ya miƙe. Tom Bombadil da waƙa ya ƙwato su Frodo daga bakin itace da kuma cikin kabari. Sam, bawan nan mai amana, a hasumiyar abokan gaba da ya rasa inda aka ɓoye ubangidansa waƙa ya kama, aka amsa masa daga sama. Masu wasan suka ƙara da wani abu da suka kira firgici. In ɗan wasa ya kusanci ɗaya daga cikin mahayan nan sai gefen allo ya yi duhu, iyakar ƙarfin gwiwarsa ta ragu, in abin ya tsananta taswirar da ke kusurwa ta rikiɗe ta zama idon Sauron, mutum-mutumin ya durƙusa yana makyarkyata ya ƙi bin umurni.

Sai dai fa sauya suna bai sauya lissafi ba. Wanda ya saba da jiyya a World of Warcraft in ya zauna a kujerar mawaƙi, cikin sa'a guda ya gane wurin, domin layi ne ke raguwa yana cikawa. Ganyen athelas kuwa, wanda a littafi bai nuna ƙarfinsa ba sai a hannun magajin sarki, a wasa an tace shi an zuba a kwalabe, ana sayarwa a kasuwa, kowa na da su jibge a jaka yana kurɓa a tsakiyar faɗa.

AIKIN DA BA A GANI

Ƙaramar ƙungiya a wasan mutum 6 ce. Manyan hare-hare kuwa na mutum 12 ne ko 24, kamar na kogon Helegrod inda ake yaƙar wani katon macijin almara, da na ramin da aka ɗaure dodon wuta, waɗanda duka aka buɗe a cikin 2007. Irin wannan hari yakan ci sa'o'i, mutane sun ajiye aiki da iyali sun yi alkawarin lokaci. Masu zane sun ɓata watanni suna ƙawata dodon, amma mai jiyya da ƙyar yake ɗaga ido ya dube shi, domin idonsa na kan jerin korayen layuka a gefen allo. Dole ya san wanda za a doka kafin a doke shi, gama babbar waƙar jiyya tana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta fita, in kuma aka taɓa shi yana tsakiyarta sai ta jinkirta ko ta katse. Dole ya yi tattalin ƙarfinsa, kada ya ƙarar da shi tun faɗa bai yi nisa ba. Wani lokaci mutum 2 ke bakin faɗuwa, waƙa ɗaya ce a shirye, sai ya zaɓa, kuma ƙa'ida ita ce a ceci mai garkuwa a bar maharbi, ko da maharbin amininsa ne.

Har wa yau akwai wani tarko da aka ɗana masa. Kowane dodo yana riƙe da lissafin wanda ya fi ɓata masa rai, kuma jiyya tana shiga wannan lissafi. In mawaƙi ya yi gaggawa ya zuba jiyya tun mai garkuwa bai kama dodon sosai ba, sai dodo ya juya ya nufo shi, ga shi tufafinsa marasa kauri ne. Don haka aka ba shi wata dabara ta faɗuwa ƙasa kamar gawa har dodo ya wuce. Wani lokaci shi kaɗai ke saura bayan an kwashe kowa, ya tashi ya bi su ɗaya ɗaya yana tayarwa.

In an ci nasara, lambar da kowa ke dubawa ita ce ta wanda ya fi yin ɓarna ga dodo. In an sha kashi kuwa tambayar farko ita ce ina mai jiyya yake, ko da wanda ya faɗi shi ne ya tsaya cikin wuta bai matsa ba. Wannan shi ya sa a kusan kowane wasa irin wannan masu sara sun fi yawa nesa ba kusa ba, a ga mutum 5 tsaye a bakin kogo suna shela suna jiran na shida. Wani kamfani ya yi ƙoƙarin kashe matsalar daga tushe, ya fitar da Guild Wars 2 a 2012 babu sana'ar jiyya sam, kowa ya kula da kansa. A 2015 da ya zo ƙara manyan hare-hare na mutum 10, sai ga shi ya dawo da ita.

An daɗe ana cewa jiyya a waɗannan wasanni aikin mata ne. A 2011 Nick Yee da abokan aikinsa a wata cibiyar bincike ta Kalifoniya suka auna ayyukan 'yan wasan World of Warcraft, suka tarar mata da maza kusan daidai suke wajen yawan jiyya. Bambancin yana ga mutum-mutumin ne, watau namiji in ya zaɓi siffar mace ya fi yin jiyya, mace kuma in ta zaɓi siffar namiji ta rage.

RIGIMAR MAI DUWATSU

A watan Nuwamba na 2008 kamfanin ya fitar da ƙarin wasan mai suna Mines of Moria, da sababbin sana'o'i 2. Ɗayarsu, Rune-keeper, mai riƙe da duwatsu ne masu rubutu a jiki, yana jifa da tsawa da wuta da ƙanƙara, yana kuma jiyya. An yi masa wani ma'auni mai kama da sikeli, in ya yi ta jiyya sai ya rinjaya can, manyan dabarun jiyya su buɗe, na faɗa su rufe, in ya yi ta faɗa kuma akasin haka. A wajen wasa abin ya yi kyau, ya kuma rage jiran mawaƙi. Amma masu kishin littafin suka yi ca, suka ce masu sihiri 5 kacal aka aiko wannan duniya, Gandalf kansa ba kasafai yake kunna wuta ba, yaya za a cika titi da dubban masu jifa da tsawa? Kamfanin ya kafa hujja da Celebrimbor, maƙerin zobba, da kuma ƙarfin da kalma da rubutu ke da shi a labarin. Hujjar ba ta da ƙarfi sosai, kuma kowa ya san abokan ciniki ake nema, waɗanda suka saba da mai sihiri a sauran wasanni. Mai duwatsu dai ya zauna daram.

Waɗansu littattafan ba su jawo wannan wahala ba. Labarun Conan na Robert E. Howard, waɗanda aka fara bugawa a 1932, cike suke da limaman gumaka da matsafa, saboda haka kamfanin Funcom na ƙasar Norwe da ya fitar da Age of Conan a 2008 sai ya ɗebo masu jiyya 3 daga ciki, limamin Mitra da na Set da bokan beyar, ko da yake a wajen Howard matsafi yawanci shi ne wanda Conan ke sare wa kai.

A ƙasar Sin ma an yi abin da ya fi wannan. A 2007 aka buɗe wasan Tian Long Ba Bu bisa littafin Jin Yong, mashahurin marubucin labarun jarumai na Hongkong, wanda aka buga kashi kashi a jarida daga 1963 zuwa 1966. Aka jera makarantun faɗa 9, aka ba makarantar Emei aikin jiyya. To, a lissafin Jin Yong kansa, wata mace mai suna Guo Xiang ce ta kafa Emei shekaru da yawa bayan zamanin da labarin wannan littafi ya faru, a wani littafin dabam ne makarantar ta yi fice. Shugabarta da masu karatu suka sani, Miejue, tsohuwa ce mai taurin zuciya da takobi mai yanka ƙarfe, wadda ta kashe ɗalibarta da hannunta don ta ƙi bin umurninta. Yawancin almajiran makarantar dai mata ne.

Wata wahalar da mawaƙin Tolkien ya sha da farko ita ce tafiya shi kaɗai. Yawancin sa'o'in wasa ba a ƙungiya ake yin su ba, mutum ne ke yawo yana ƙananan ayyuka, shi kuwa mawaƙi dukansa ba ya kashe ko kiyashi da sauri. Aka ƙara masa wani yanayi na muryar yaƙi, wanda in ya shiga tsawarsa ke kisa amma ikon jiyyarsa ya ragu. A watan Nuwamba na 2013, da ƙarin Helm's Deep, aka raba kowace sana'a layi 3, mawaƙi ya zaɓi na jiyya ko na faɗa ko na tallafi, ya sauya sa'ad da ya ga dama. A 2014 aka ƙaro Beorning, mai rikiɗa ya zama beyar, shi ma yana jiyya. Kamfanin Warner Bros ya sayi Turbine a 2010, shekarar da aka buɗe ƙofar wasan kyauta, sa'an nan a watan Disamba na 2016 ragamar wasan ta koma hannun Standing Stone Games.

Molon nan kuwa ya sami wani aiki da ba na yaƙi ba. Masu wasan sun sa kayan kiɗan su yi sauti na gaske, mutum ya danna maɓallan kwamfuta ya fitar da karin da yake so, ko ya rubuta waƙa cikin wani tsari na haruffa mutum-mutuminsa ya kaɗa ta. Kowace sana'a tana da kayan kiɗan da aka yarje mata, amma mawaƙi shi ke iya molo da sarewa da ƙaho da ganga da sauransu, shi ke kuma koya wa waɗansu. Nan da nan 'yan wasa suka kafa ƙungiyoyin makaɗa. A 2009 suka fara wani bikin kiɗa na shekara shekara mai suna Weatherstock a duniyar wasan da ake kira Landroval, ɗaruruwan mutane su hau dutse su zauna sa'o'i suna sauraro, waɗansu kuma su yi gadin hanya suna kashe namun dajin da ke tare ƙananan 'yan wasa masu hawowa. Dutsen da suka zaɓa shi ne Weathertop, inda aka soki Frodo.